Dakta Ladi Kwali (1925–1984): Maginiyar da Tulunta Ya Daina Naso

Idan damina ta kankama a ƙasar Minna, kowa da dabarar da yake kare kayansa daga ruwa. Direban babbar mota ya lulluɓe kaya da tampol, wani ya goga kyandir ko kakin zuma a jakarsa ta yadi, mai talla kuwa ta rufa leda a kan farantinta. Kafin zuwan leda da tampol, manomi yana da kabido da malfa na kaba, magina kuma suna da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe da bango don kada ruwa ya ci su. Wannan makubar ce matan ƙasar Gwari suke shafa wa tukwanensu, kuma a cikin waɗannan mata ne aka sami wadda sunanta ya kai Ingila da Amurka. Ita ce marigayiya Dakta Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira ashirin.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Ladi a wajejen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a yau yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Mutanen wurin su ne waɗanda Hausawa ke kira Gwarin Yamma. Ɗaliban harshe za su lura cewa sunanta na Hausa ne, sunan da ake ba 'yar da aka haifa ranar Lahadi, abin da ke nuna daɗewar cuɗanya tsakanin al'ummomin biyu. Ba ta yi karatun boko ba. Makarantarta ita ce gindin wata 'yar'uwar iyayenta, wadda ta koya mata ginin tukwane tun tana ƙarama, domin a ƙasar Gwari wannan sana'a ta mata ce.

Yadda suke ginin ya cancanci a tsaya a kansa. Babu inji, babu faifan juyi. Maginiya za ta ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo shi sama. Maimakon tukunyar ta juya, ita ce ke zagaya tukunyar, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu zobe a kan zobe, tana lailaye shi da ɗan katako har ciki ya fito, wuya ya tsuke, baki ya buɗe. Kafin yumɓun ya bushe sai a yi zane. Ladi ta shahara da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa tsakanin layuka, tana tsaga su da bakin wuƙa, tana birgima murɗaɗɗen zare don fitar da ado.

Bayan tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Wutar ba ta daɗewa. Tun tukunya na da zafi ake jawo ta da sanda, a yayyafa mata ruwan makuba. Nan take za ta yi ƙara, tururi ya tashi, jikinta ya yi duhu da ɗan sheƙi. Makubar tana shiga ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu ta toshe wasu, ta kuma ƙara wa tukunyar ƙwari. Amma ba ta toshe su duka, kuma a nan hikimar take. Randa ko tulu mai kyau dole ya riƙa ɗan naso. Ruwan da ya tsattsafo waje shi iska ke busarwa, kuma wannan bushewar ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. Shi ya sa ko a watan Maris, lokacin da zafin Minna ke hana barci, ruwan randa yake da sanyi.

Haɗuwarta da Cardew

Tukwanen Ladi sun yi suna har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya sayi wasu ya ajiye a gidansa. A kula, Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da Abu Ja na zuriyar sarakunan Zazzau ya kafa a 1828, wanda aka sauya wa suna zuwa Suleja bayan an ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976. Yau garin yana cikin Jihar Neja.

A gidan sarkin ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950. Cardew almajirin Bernard Leach ne, ya kuma yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da ginin tukwane a Nijeriya. Ya zagaya Arewa yana neman inda zai kafa makaranta, ya zaɓi Abuja saboda yumɓu da itace da ruwa da kuma goyon bayan sarki. An buɗe cibiyar a 1952, kuma ɗaliban farko duk maza ne. A 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin. Daga baya wasu mata suka biyo sawunta, irin su Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

Abin da Cardew ya zo da shi dabara ce ta daban ta hana ruwa ratsa yumɓu. Wutar fili ba ta cika wuce digiri 800 ba. Tanderun da ya gina kuwa, duk da cewa da itace ake hura shi, yana haura digiri 1200. A irin wannan zafi yumɓu kan haɗe ya zama kamar dutse. Sannan akwai wani haɗi na garin duwatsu da yumɓu da toka da ake shafa wa tukunya kafin a sa ta a wuta, wanda kan narke ya zama fatar gilashi a jikinta. Abin da ya fito shi ne tangaran: ba ya naso, ba ya riƙe wari, yana wankuwa tas. Burin gwamnati shi ne a sami kofuna da farantai da butocin shayi na gida, a rage sayo na waje.

Ladi ta koyi aiki da faifan juyi, ta yi kwanoni da kofuna kamar kowa. Amma ba ta bar tulunta na gida ba. Ta ci gaba da gina shi da hannu, tana zagaya shi kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun da zai jure babbar wuta. Tana tsaga zanenta, a cike tsagar da farin yumɓu, a shafe tulun da ruwan gilashi, a gasa. Hawainiya da kadan nan sai su bayyana ta ƙarƙashin sheƙi mai duhu kamar ana hango su a cikin rafi.

Sai dai tulun ya sami kyau ya rasa aikinsa. Ya yi nauyi ƙwarai, ba macen da za ta ɗora shi a ka ta nufi rafi. Tunda ba ya naso, ba ya sanyaya ruwa. Kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Masu sayensa su ne Turawa da manyan ma'aikata da gidajen adana kayan tarihi. Wasu masana suna ganin wannan a matsayin misali na yadda mulkin mallaka ya ɗauke kayan amfanin talaka ya mayar da shi abin kallo. Akwai gaskiya a maganar. Amma a ganina bai kamata a ɗauki Ladi kamar yumɓu a hannun Cardew ba. Ta zo cibiyar tana da shekara kusan talatin, gwana ce tun kafin ta gan shi, kuma siffar tulun da zanensa nata ne. Hasali ma tulunanta ne suka fi ɗaga sunan cibiyar a waje, ba butocin shayin da aka kafa ta dominsu ba.

Tafiye-tafiye da Lambobin Yabo

An nuna aikinta a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila a farkon shekarun 1960, ta gina tulu a gaban ɗalibai da malamai, babu inji, babu ma'auni. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew, wanda ya riga ya bar Abuja tun 1965. Fitacciyar maginiyar nan 'yar asalin Kenya, Magdalene Odundo, ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurinta.

Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa a 1977, kuma daga nan ne aka fara kiranta Dakta. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake ba waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 kuma aka ba ta OON. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar ta Suleja sunanta.

Rasuwarta

Cardew ya mutu a 1983. Ita kuma Allah ya yi mata rasuwa a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, tana da shekara kusan 59. Allah ya jiƙanta.

Tulunanta suna nan a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da na Smithsonian a Washington, kuma akwai titi mai sunanta a Abuja ta yanzu. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar naira ashirin, Janar Murtala Muhammad a gaba, Ladi a baya tana aikin tukunya. Takardar irin ta leda ce, wadda ko an wanke ta a aljihun riga ba ta jiƙewa. A kasuwannin ƙauyukan Gwari kuwa, har yau tulun da ake ciniki shi ne mai makuba, wanda ake gasawa a fili.