William Bovie: Masanin da ya sayar da ƙirƙirarsa dala ɗaya

An haifi William Bovie a jihar Michigan ta Amurka a 1882. Shi dai ba likita ba ne. Ilimin tsirrai ya karanta a Jami'ar Harvard.

Na'urar da ya ƙera tana ɗaukar lantarkin gida, wanda a Najeriya ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta mayar da shi mai juyawa sau dubban ɗaruruwa. A irin wannan sauri, jijiyoyi ba sa jin fizgarsa. Zafi ne kawai ke taruwa a bakin tsinken da likita ke riƙe da shi.

Idan aka saki wutar ba yankewa, sai ta tsaga nama. Idan kuwa aka riƙa katse ta, sai ta daskarar da jini.

Ranar 1 ga Oktoban 1926, a Boston, Dokta Harvey Cushing ya cire wani ƙari daga kan majinyaci da ita, bayan da zubar jini ta tilasta masa dakatar da aikin a karon farko.

Bovie ya sayar da haƙƙin mallakarta kan dala ɗaya tak. Ya rasu a 1958, ba shi da wata dukiya.