Fred Gaisberg, makaɗin fiyano da ya koma ɗaukar muryoyin mutane

'Yan'uwa, mu da muke sauraron waƙoƙin sujada a waya da rediyo, daga nan Minjibir har cikin Kano, ba safai muke tuna cewa an yi zamanin da muryar mawaƙi kan bi shi kabari ba. Cikin waɗanda suka kawo ƙarshen wannan zamani akwai Fred Gaisberg.

An haife shi a birnin Washington na Amurka ran 1 ga Janairu 1873, iyayensa tsatson Jamusawa ne. Yana yaro ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta majami'ar St John, ya kuma koyi fiyano irin na makaranta, wanda ake karanta kiɗa a takarda. Tun bai cika shekara ashirin ba ya fara samun ɗan abin kashewa yana kaɗa wa mawaƙa fiyano a wuraren ɗaukar murya. A nan ya haɗu da Emile Berliner, mutumin da ya ƙago garmaho da faifansa. Gaisberg ya fara yi masa kiɗa, sannu a hankali ya koma bayan na'ura. A 1898 aka aike shi Landan, inda ya kafa wa kamfanin Gramophone ɗakin ɗaukar murya a titin Maiden Lane.

Sai mun fahimci yadda aikin yake a lokacin za mu ga amfanin kunnensa. Babu makirfo, babu lantarki a cikin aikin. Mawaƙi yana rerawa cikin wani babban ƙaho, ƙarfin muryarsa kawai ke girgiza allura, ita kuma ta zana layi a kan faifai. Da farko faifan na tutiya ne da ake jiƙawa a ruwan asid, daga baya aka koma kaki. Idan murya ta yi ƙarfi da yawa allura ta ɓata zanen, idan ta yi ƙasa ba a jin komai. Dole wani ya san inda waƙa za ta hau, ya ja mawaƙi baya, ya san inda za ta sauka, ya matso da shi. Faifai kuwa ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, sai an datse waƙa ba tare da an kashe ta ba. Makaniki zalla ba zai iya wannan ba. Duk mai koyar da mawaƙan ikilisiya ya san irin kunnen da muke nufi.

Shekarar 1902 ce ta fitar da sunansa. A watan Afrilu, a ɗakin wani otal a Milan, ya ɗauki waƙoƙi goma na Enrico Caruso a kan fam 100. Har zuwa lokacin manyan mawaƙa suna ɗaukar garmaho abin wasan yara. Da faifan Caruso suka yi kasuwa, sai suka fara yarda. A watan nan kuma aka ɗauki mawaƙan majami'ar Sistine a Roma. A Nuwamba yana Kalkata ta Indiya yana ɗaukar Gauhar Jaan, daga nan ya wuce Sin da Japan.

Kada mu mai da shi waliyyi. Kamfani ya aike shi ne domin a sayar da garmaho, mutum kuwa ba ya sayen na'urar da ba ta jin harshensa. Wannan lissafin ciniki ne ya sa, a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin ya ɗauki 'yan Afirka ta Yamma a Landan da sunan Zonophone, har da faifai cikin Hausa. Neman riba ne, amma muryoyin sun tsira.

Da makirfo ya shigo a 1925, ya bar wa matasa na'ura ya koma zaɓen mawaƙa da shirya su. Shi ya haɗa tsohon mai tsara kiɗa Edward Elgar da yaro mai goge, Yehudi Menuhin, ɗan shekara 16, suka yi faifai tare a 1932 a Abbey Road.

Ya yi ritaya a 1939. Bai taɓa aure ba, bai kuma sauya takardar zama ɗan Amurka ba duk da shekarun da ya yi a Ingila. Ya rasu a Landan ran 2 ga Satumba 1951, yana da shekara 78.