Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Tsarin Shari'a

An haifi Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wajen shekarar 1766. Ya yi karatu a hannun wansa da kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya shahara a fiƙihu da tafsiri da nahawu. Shi ne ya ja rundunar Jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto cikin 1804.

Amma nasarar yaƙi ba ta kwantar masa da hankali ba. Da ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan mayaƙa, sai ya bar su ya yi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano ya tarar Jama'a sun ci gari, amma ba su daidaita kan yadda za su riƙe shi ba. Suka roƙe shi ya zauna ya tsara musu hanya. A nan ne ya wallafa Liya'ul Hukkami a shekarar 1221 bayan Hijira, wato wajen 1806.

A cikin wannan littafi, inda ya ɗebo da yawa daga Shehu Magili, bai ɗora nauyin shari'a a kan mutum guda ba. Alƙali na da nasa aiki, na yanke hukunci tsakanin masu jayayya. Muhtasibi yana lura da kasuwa da awo. Akwai kuma mai duba koke-koken zalunci, wanda talaka zai kai wa ƙarar hakimi ko ma'aikacin da ya fi ƙarfin alƙali. Shi kuwa sarki, wajibi ne ya riƙa bincika ayyukan waɗanda ya naɗa, ya hana su karɓar toshiya, ya kuma zauna inda raunana za su iya kai gare shi. Hikimar wannan rabo a fili take, domin in ƙararraki suka taru a ƙofa ɗaya, mai ƙarfi ne zai riga shiga, marar gata kuwa ya gaji da jira ya haƙura da haƙƙinsa.

Daga baya ya koma wurin Shehu, kuma a 1812 aka danƙa masa yammacin daula. Ya rasu a Gwandu cikin 1829. Kotunan alƙalai sun ci gaba da aiki har zamanin Turawa, amma damuwar da ta sa shi ɗaukar alƙalami a Kano tana nan a duk kotun da ƙararraki suka yi wa yawa. Allah ya jiƙansa.