Tunawa da Marigayi Rabilu Musa Ibro

An haifi Rabilu Musa a Ɗanlasan ta Jihar Kano a 1971. Ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasan barkwanci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: shi da Kulu da Tsigai suka riƙa nuna mana baƙauyen da birni ya ruɗa, muna ƙyalƙyala dariya alhali kanmu muke gani. A 2008 an ɗaure shi a Kano saboda fim, ya fito ya ci gaba da sana'arsa. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014.

'Yan'uwa 'yan Pauwa mazauna birane, idan 'ya'yanmu suka kalli Ibro sai mun fassara musu, to gyara ya same mu. Allah Ya jiƙansa, amin.