Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin hatimi da ya rasu a Masar

A cikin shekara ta 1741, wadda ta yi daidai da 1154 ta Hijira, wani malami baƙo ya cika a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masanan taurari na Masar a wancan zamani. Kafin ya cika ya damƙa wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya rufe shi a makabartar malamai, ya gina alama bisa kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Sunan kuwa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace mutumin Katsina, wanda Larabawa ke kira al-Kashnawi. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, an haife shi bayan rasuwar baƙon, bai taɓa ganinsa ba, amma shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a cikin littafinsa ne aka adana labarin wannan Bakatsine.

Malam Muhammadu ya tashi a lokacin da Katsina ke hannun sarakunan Haɓe, waɗanda zuriyarsu ta zo ta kafa mulki a Maraɗi bayan jihadi. Birni ne na fatauci da karatu, inda Ɗan Marina da Ɗan Masani suka bar suna tun ƙarni na 17. Ya yi karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi. Wajen shekara 4 ya yi tare da wani malami mai suna Muhammadu Fodu, yana biye da shi a gida da tafiya, yana koyon nahawu da sarfu, har malamin ya laƙaba masa sunan Sibawaihi, uban nahawun Larabci. Wannan ya kamata a riƙe: mutumin da daga baya ya shahara da ilimin asirai ya fara ne da tsantsar karatun harshe da manɗiƙi, kuma ya bar littafi a kan kowannensu. Lissafi, da sanin lokuta, da ilimin hatimi, ya ɗauko su daga Malam Muhammadu Bindu.

Shi hatimin nan ba baƙon kowa ba ne. Daga kasuwar Dakwaro zuwa rugagen da ke kewaye da Badar Gula, in aka farke layar da baduku ya ɗinke, sau da yawa za a tarar da zane mai gidaje 9, uku-uku, da lambobi ko haruffa a ciki. A layin sama 4, 9, 2. A tsakiya 3, 5, 7. A ƙasa 8, 1, 6. Ta kowace fuska aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ake samu, jimillar gidajen duka kuma 45. Har nan lissafi ne, yaron lakwal ma yana iya gwadawa. Amma a hisabin Abajada kowane harafin Larabci yana da adadinsa, to daga nan ne fassara ta shigo. Masu wannan ilimi suka lura cewa haruffan sunan Adamu suna ba da 45, na Hauwa suna ba da 15, sai suka ce hatimin yana ɗauke da sirrin uba da uwar ƴan Adam. Wasu suka lura cewa sunan tauraron Zuhalu shi ma 45 ne, suka ba shi wannan hatimi, suka raba wa sauran taurari masu tafiya nasu, har zuwa mai gidaje tara-tara na wata. Lambobin kusurwoyi, 2, 4, 6, 8, in aka mai da su haruffa suna ba da kalmar Buduhu, wadda ba ta da ma'ana a Larabci, amma aka ɗauke ta suna mai ƙarfi. Sunan Allah kuma adadinsa 66, saboda haka malami kan fara hatiminsa daga 18 ya ƙare a 26, don kowane layi ya ba da 66.

A 1730 Malam Muhammadu ya yi aikin hajji, ya zauna Makka. Ya isa can da tsoro a zuciya, domin an gargaɗe shi cewa mutanen Makka da Madina ba su kallon mai wannan ilimi da idon mutunci. Dalilin gargaɗin ba ɓoyayye ba ne. Tun kafin shi da shekaru fiye da 300, Ibn Haldun ya riga ya sa ilimin haruffa cikin sahun sihiri, kuma littafin asirin taurari da ake danganta wa Fahruddin ar-Razi ya jawo wa mai shi zargi mai yawa. Duk da haka, a Makka ɗin ne ya fara rubuta babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, wanda ya gina a kan wancan littafi na ar-Razi, ya kammala shi a Masar a 1146 ta Hijira. Ya kuma rubuta Bahjatul Afaƙ, kan haruffa da hatimai.

A wannan littafi na biyu ne gwanintarsa ta fito fili. Ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, kamar biyar-biyar ko bakwai-bakwai, ba da laluɓe ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce bin tsallen doki na wasan shaɗaranji: a ajiye lamba, a tsallake gida biyu a miƙe da ɗaya a gefe, a ajiye ta gaba, in tsallen ya fita daga zanen, sai a shigo ta ɗaya gefen, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu da baki. In lambobi 1 zuwa 25 suka zauna daidai a gidajensu, kowane layi zai ba da 65. Amma ya ja kunnen almajiri da ya yi aikin a ɓoye, kada ya watsa sirrin ga kowa, kuma kada ya karaya in bai ga biyan bukata da wuri ba.

Wace bukata? A wurin ma'abota wannan fanni, zane rabin aiki ne kawai. Sauran rabin yana cikin halwa. Mai nema kan keɓe kansa kwana 7 ko 40, yana azumi, ya bar nama, ya rage barci, ya turara ɗaki, yana maimaita suna ɗaya gwargwadon adadin haruffansa ko ninkinsa, har hankalinsa ya fita daga yadda ya saba. A nan ne wasu ke cewa sun ga haske, ko sun ji murya, ko hadimin harafin ya bayyana gare su. Likitocin yau sun san cewa yunwa da rashin barci da kaɗaici suna iya sa mutum lafiyayye ya ga abin da na kusa da shi bai gani ba, su kansu malaman halwa kuma sun daɗe suna hana almajiri shiga ba tare da jagora ba, don sun ga waɗanda suka fito da taɓuwa. Bambancin sassan ilimin Malam Muhammadu ke nan: jimillar 65 kowa zai iya tarawa ya tabbatar, abin da aka gani cikin halwa kuwa mai shi kaɗai ne shaida.

Wannan bambanci ba na malamai ba ne su kaɗai. Imam al-Gazali ya ambaci yadda ake rubuta hatimin nan mai gidaje 9 a kan ƙyalle don matar da haihuwa ta yi wa wuya, kuma al'adar ba ta mutu ba. Laya ba ta cutar da mai naƙuda, har tana iya kwantar mata da hankali. Abin da ke kashewa shi ne a zauna ana jiran aikinta kwana biyu, alhali gidan likita yana da nisa, amalanke ce kuma abin hawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari, amma hatimi ya ci gaba da zama cikin gafakar malamai bayan jihadi kamar yadda yake kafinsa.

Malam Muhammadu bai komo gida ba, littattafansa ma suka watsu a ƙasashen waje. An buga ad-Durrul Manzum a Alƙahira a 1961, akwai kuma kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a Landan. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin bayaninsa game da ramzi, watau dabarar ɓoye shekara cikin haruffan kalma, wadda mawaƙan Hausa na ajami ke rufe waƙoƙinsu da ita. A 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa hanyoyinsa na cika hatimi cikin littafinta kan lissafin Afirka, daga nan sunansa ya shiga tarihin lissafi da ake karantarwa a jami'o'i.