Lukas Kiranak, Mai Zanen Hotuna Na Garin Witinbag

Kowa cikinmu ya ji sunan Martin Luta, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki cikin Jamusanci domin talakawa su karanta da kansu. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya zana fuskar nan tasa da muke gani cikin littattafan tarihin ekklesiya. Sunansa Lukas Kiranak, garinsu ɗaya da Luta, amininsa ne kuma. Mun ga ya dace mu ba da labarinsa, gama a zamaninsa aka yi gardamar da 'yan'uwa sukan tambaye mu a kanta har yau, watau ko daidai ne masu bi su sa hoto a ɗakin sujada.

An haife shi a shekara ta 1472 a wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus mai suna Kuronak, daga nan ne ma ya samo sunansa. A hannun ubansa ya koyi zane. A 1505 Firedarik, sarkin ƙasar Sakson, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Hikima, ya kira shi Witinbag ya zama mai zanen fada.

Sarkin nan mutum ne mai son addini irin na zamaninsa. Ya tara ƙasusuwan tsarkaka da tarkacen kayansu a ɗakin sujada na fadarsa, har da abin da aka ce ciyawa ce ta komin da aka kwantar da Yesu, da ƙaya daga rawanin da aka sa masa. An koya wa mutane cewa wanda ya zo ya girmama waɗannan, ya ba da kuɗi, za a rage masa horo bayan mutuwa. A 1509 aka buga littafin jerin kayan, guda 5,005, Kiranak ne kuwa ya yi hotunan ciki. Aikinsa ke nan a lokacin: hotunan Maryamu da na tsarkaka waɗanda jama'a ke durƙusa wa, suna kunna musu fitilu, suna neman taimako a wurinsu.

Sa'an nan a 1517 Luta ya tashi da maganarsa a kan sayar da takardun gafara. Kiranak yana da shekara 45, yana da gidaje da yaran aiki da yawa, ba wanda zai yi tsammani zai bi wani ɗan zuhudu da ba shi da ko anini. Amma ya bi shi. A 1520 ya zana Luta aka buga a takarda, hoton ya bazu a ƙasar Jamus, har wanda bai taɓa taka Witinbag ba ya san kamanninsa. A 1521 ya fito da ƙaramin littafi mai hotuna 26, biyu biyu suna fuskantar juna. A wannan shafi Almasihu yana wanke ƙafafun almajiransa, a wancan sarakuna suna sumbatar ƙafar Paparoma. A wannan Almasihu yana korar 'yan canji daga haikali, a wancan Paparoma yana karɓar kuɗin takardun gafara. A jikin katako ake sassaƙa hoton, a shafa tawada, a danna a takarda, saboda haka katako ɗaya yakan haifi ɗaruruwa, da araha kuma. Manomin da bai san baƙi ba ya duba ya gane.

Ba da jimawa ba abin ya nemi ya cinye sana'arsa. Luta yana ɓoye a hasumiyar Watbag saboda Kaisar ya yanke masa hukunci, sai wani malami abokin aikinsa, Andarawus Kalistat, ya rubuta a Janairu 1522 cewa a fid da hotuna duka daga ɗakunan sujada, yana kafa hujja da dokar da ke cikin Fitowa sura 20. Jama'a suka faɗa babban ɗakin sujada na gari suka farfasa, suka ƙone. Kada mu yi saurin zagin Kalistat. Ya ga mutane suna yi wa itace sujada da idonsa, abin kuwa ya ƙona masa rai. A Zurik ta ƙasar Suwizalan ma an kwashe hotuna a 1524, aka shafe bango da farar ƙasa, masu bi na gaske ne kuwa suka yi haka.

Luta ya fito daga maɓoyarsa a watan Maris, ya yi wa'azi kwana takwas a jere. Abin da ya koyar shi ne, dokar ta hana yi wa siffa sujada, ba ta hana zane ba. Gunkin da ya fi haɗari a zuciya yake, gatari ba ya kai gare shi, sai Maganar Allah. In zuciya ta rabu da dogara ga hoto, hoton ba ya cutar kowa, yana ma iya tuna wa mutum da abin da ya ji. A kan wannan Kiranak ya kafa sauran aikin ransa. A Satumba 1522, cikin gidansa, aka buga Sabon Alkawari na Luta, wajen guda 3,000, da hotuna 21 na littafin Ruya ta Yohanna daga ma'aikatarsa. Kafin Disamba sun ƙare, sai da aka sake bugawa.

Hoton da ya fi nuna sākewar nan shi ne wanda ya yi a 1529, ana ce da shi Shari'a da Bishara. Itace ɗaya ne a tsakiya, rassansa na hagu busassu, na dama da ganye. A hagu ga mutum tsirara yana gudu, Mutuwa da Shaiɗan suna kora shi zuwa wuta, Musa yana tsaye yana nuna allunan dokoki, ba mai cetonsa. A dama ga mutumin kuma, Yohanna Mai Baptisma yana nuna masa Almasihu a kan gicciye, jini yana fitowa daga haƙarƙarin Ubangiji yana zuba a kansa. A ƙasa an rubuta ayoyi da Jamusanci. Ba wanda zai kunna wa wannan hoto fitila, gama ba a yi shi don a roƙe shi kome ba. Karanta shi ake yi kamar allo, daga wannan gefe zuwa wancan. Haka kuma ya zana Yesu yana sa wa yara albarka, da Yesu da matar da aka kama da zina, sau da yawa.

Zumuncinsa da Luta ya kai har cikin gida. Sa'ad da Luta ya auri Katarina fon Bora ran 13 ga Yuni 1525, Kiranak da matarsa Barbara suna cikin shaidu kaɗan da aka kira. Shi ya tsaya wa ɗan farin Luta a wurin baptisma, kamar yadda Luta ya tsaya wa 'yarsa Anna.

Ba za mu ɓoye muku ba, Kiranak ɗan kasuwa ne ƙwarai. Yana da kantin magani, yana sayar da ruwan inabi, sau uku ya zama magajin garin Witinbag. A shekarun da yake yi wa Luta aiki, ma'aikatarsa tana zana tsarkaka masu yawa domin Albaret, babban bishop na Mayins, shi wanda takardun gafararsa suka ta da rikicin tun farko. Yana kuma zana wa masu sarauta matan tatsuniyoyin Helenawa da Romawa ba tufa, waɗansu hotunan zambo da ya yi wa Paparoma a 1545 kuwa ƙazanta ce zalla. Wannan ba mu yaba ba.

Amma da wahala ta zo, an ga inda zuciyarsa take. Luta ya rasu a 1546. A 1547 Kaisar Shal na Biyar ya ci sarkin Sakson, Yohanna Firedarik, da yaƙi, ya kama shi, ya ƙwace masa Witinbag. A 1550 Kiranak, tsoho mai shekara 78, ya bar gidansa da dukiyarsa ya tafi Ogusbag ya zauna da ubangidansa cikin tsare. Da aka saki sarkin a 1552 suka tafi Waima tare, can ya rasu ran 16 ga Oktoba 1553.

Ɗansa, shi ma Lukas, ya gama babban hoton bagadin ɗakin sujada na Bitrus da Bulus a Waima a 1555, yana nan har yanzu. Ya sa uban da farin gemu, hannuwansa a haɗe, tsaye a gindin gicciye tsakanin Yohanna Mai Baptisma da Luta, wanda ke riƙe da Littafi a buɗe. Jinin da ke fitowa daga haƙarƙarin Almasihu, a kan tsohon mai zane yake sauka.