Ɗan Kasawa, ɗan sarkin da ya yi gudun hijira ya tayar da Maraɗi

Jama'ar Dakoro da ƙauyukan kewaye, da ƴan'uwanmu da ke ci-rani Najeriya, Libiya da sauran wurare, a filinmu na tarihi yau mun ɗauko Ɗan Kasawa. Da yawanmu muna shiga Maraɗi cin kasuwa ko neman magani, muna jin ana kiran sarkin garin Sarkin Katsina, ba mu tsaya mun tambayi dalili ba. To, daga wannan bawan Allah abin ya samo asali.

Ɗan Kasawa jinin sarautar Katsina ne, ɗan Sarki Agwaragi. Wajajen 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, cikinsu har da Ummarun Dallaje, suka karɓe birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, can ajali ya same shi. Ragowar jama'arsa suka naɗa Ɗan Kasawa a halin gudu, ga sarauta amma babu birni. Ya nufi Damagaram ya fake, daga baya ya koma Gafai. Shekara goma da ɗoriya ya yi yana jiran rana.

A lokacin Maraɗi ƙaramin gari ne a cikin kwarin gulbi, kurmi ya kewaye shi, kuma wani wakilin sabbin sarakunan Katsina mai suna Mani ke riƙe da shi. Da mulkinsa ya ishi mutanen ƙasar, sai suka tayar masa, suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajajen 1819 ya shigo. Kun ga ke nan ba da takobinsa kaɗai ya sami garin ba, manoma da maharban kwarin ne suka buɗe masa ƙofa.

Ya iske wuri mai daɗin tsaro, don duhun kurmi na hana mahaya sukuwa, ga kuma fadama mai ba da abinci. Sai ya sake kafa fadar Katsina yadda ya baro ta, da Galadima, da Ƙaura, da Ƴandaka, da Durɓi masu zaɓen sarki. Bai yarda a kira shi sarkin Maraɗi ba, sunan kakanninsa ya riƙe, don burinsa ya koma gida. Ya ƙulla ƙawance da Gobirawa, ya yi ta kai hari kudu, amma birnin Katsina bai dawo hannunsa ba har ya rasu wajajen 1830. Rauda da ya gaje shi ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Duk da haka garin bai watse ba, har ya zo ya yi ƙarfi sosai zamanin Ɗan Baskore.

Garin da Ɗan Kasawa ya sani ba shi ne muke takawa yau ba. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin, aka dawo da mutane bisa tudu. Unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci da Ɗan Gulbi suka hau da sunayensu, aka zaunar da su kewaye da fada. Duk wanda ya ratsa Ƴandaka, ai sunan sarautar da aka ɗauko tun daga Katsina yake ambata.

Yau iyaka ta raba Maraɗi da Katsina, kuma mun ga wahalar da aka sha da aka rufe ta a 2023. Amma auratayya da zumunci sun girmi iyakar. Ku da ke nesa, ku karanta wa yaranku wannan, su san inda tushen yake. Allah ya jiƙan magabata.